Kwandansar Baba

Ranar da Baba ya iso gidanmu daga Dogon Dawa, abin da ya sauko da shi daga bayan a-kori-kura bai wuce buhun tufafi da tabarma ba, sai wani babban gwangwanin madara da ya rungume a ƙirji. Shagon gyaran rediyon da ya tsufa a cikinsa 'yan bindiga sun cinna masa wuta tare da sauran shagunan layin. Gonarsa kuwa a bakin daji take, inda ko mai ƙarar kwana ba ya leƙawa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayana yana can Legas a ɗaki ɗaya da iyalinsa. Ba inda ya rage sai gidana. Ko in ce gidan mijina, don a nan matsalar take.

Kowa ya san dattijo ba ya tarewa a gidan surukinsa. Baba kuwa, Malam Audi Mai Rediyo, mutum ne da bai taɓa cin abin hannun wani yana zaune ba. Muka gyara masa ɗakin da ke jikin zaure, ya shiga ya zauna kamar wanda aka ba aron wuri. In na kai masa tuwo sai ya ci loma kaɗan ya ture, wai ya ƙoshi. Ruwan wanka ma sai ya rage rabin bokiti. Kullum maganarsa ɗaya ce: da zarar hanya ta ɗan lafa zai koma, ko a kango ne ya kwana. Ni kuma na san abin da ke kan hanyar nan.

Mijina Isah malamin lissafi ne a sakandare, kuma Allah ya zuba masa kunya har ta yi masa yawa. Wallahi wani lokacin haushi yake ba ni. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida Baba kansa a ƙasa, ya tashi sumui-sumui. Daga baya ma sai ya koma bin ƙofar baya don kada ya riƙa gilmawa ta gabansa. Maza biyu a gida ɗaya, amma duk maganar da za su yi sai ta bi ta bakina. Baba ya ce in ce wa Malam kaza, Malam ya ce in ce wa Baba kaza, ni Rabi na zama 'yar aike da girmana.

Baban Saliha, haka nake kiran mijin nawa, yana da wata ɗabi'a tun kafin in aure shi: kwance-kwancen kayan wuta. Matacciyar firinta, tsohuwar fanka, motar wasan yara da ta karye, duk sai ya kwaso ya tara mini a ƙarƙashin gado. A daminar bana ya ƙudiri haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai. Ya samo gangar jikin tsohon firji, ya sa fitila a ciki don ɗumi, ya ja waya daga batirin solarmu. Da yake ƙwai yana son juyi kamar yadda kaza take yi masa, sai ya ɗaura ɗan moto, irin ƙaramin injin nan mai juyawa da batir, ya riƙa karkata tiren ƙwan lokaci zuwa lokaci. A kan wani ɗan allo mai ramuka ya dasa wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa, ayisi yake ce masa, wai shi ne ƙwaƙwalwar da ke lissafa lokaci ta ba moto umarni. Ƙwan zabi muka saya wajen matan Fulanin da ke kawo mana nono, aka jera a tire.

Sai abu ya ƙi. Da moto ya yunƙura zai juya, sai ayisin ya rikice ya manta inda yake, ya koma farko. Tire ya yi karkarwa ya tsaya a tsakiya, can ya sake zabura. Baban Saliha ya yi ta fama da shi a ƙarƙashin rumfa bayan ya dawo makaranta, yana tsaki ƙasa-ƙasa, yana taɓa nan da mitar auna wuta yana taɓa can.

Wata la'asar ina tsince shinkafa sai na ji sallama a tsakar gida. Baba ne. Tunda ya zo bai taɓa shigowa ciki ba in mai gidan yana nan. Mijina ya zabura ya durƙusa, har ƙarfen narka dalma da ke hannunsa ya kusa ƙona shi. Baba bai dube shi ba, ni ya duba, ya ce in ce wa Malam ya sake kunna abin ya ji. Aka kunna. Ya karkata kai yana saurare, ido a lumshe, har moto ya yi zaburarsa ya tsaya.

Ya ce, “Moton ne yake fizge wutar, yana barin ƙaramin baƙin abin nan da yunwa. Kwandansa yake so.”

Da ya ga ban gane ba sai ya yi mini bayani, wai kwandansa kamar randa ce a bakin madafa: in famfo ya ɗauke na ɗan lokaci, mai girki ba ta tsayawa, tana ɗiba a kusa. Mijina ya ɗaga kai da sauri ya sake sunkuyarwa, ya ce in ce wa Baba gaskiyarsa ce, shi ma tunaninsa ya fara zuwa wajen.

Baba ya koma ɗaki ya fito da gwangwanin nan nasa, ya zazzage shi a kan tabarma. Tarkacen cikin rediyo ne na shekara da shekaru. Idonsa ya yi rauni, don haka da yatsu yake dubawa, yana ɗauka yana murzawa yana ajiyewa. Can ya ɗago wata shuɗiya mai kaurin babban yatsa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ce daga wata babbar rediyo ya cire ta tun ina goye, irinta ba a yi yanzu. Ya miƙo mini in miƙa. Rabon da in ga haƙoran Baba a waje tun kafin a ƙone masa shago.

Baban Saliha ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta ya karanta ɗan rubutun da ke jikinta, sai na ga fuskarsa ta canza. Na san fuskar mijina. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Da Baba ya fita masallaci na tsare shi a ɗaki. Ya ce kafasitar, haka shi yake kiranta, an rubuta a jikinta ba ta ɗaukar wutar da ta wuce bolt goma. Batirinmu sha biyu ne, in rana ta take ma yana haura haka. In ya haɗa ta za ta kumbura ta fashe a kan allon. Ban da haka ta tsufa, ruwan cikinta ya bushe, ya gwada da mita kusan ba komai a ciki. Kuma ko sabuwa ce, babba ita kaɗai ba ta magance wannan ciwon. Moto yana watsa ƙananan tartsatsi cikin layin wuta da saurin da babbar ba ta iya cafkewa. Ƙanana ake so, 'yan fala-fala masu kama da ƙwayar magani da aka rubuta wa 104, a liƙa ɗaya daf da ƙafafun ayisi, a gitta ɗaya a bakin moton, sannan a sa babba mai ɗaukar bolt ashirin da biyar a inda wuta take shigowa.

Na ce to ai sai ya je ya faɗa masa, Baba mai sana'a ne, zai gane. Ya dube ni kamar na ce ya je ya mare shi.

“Ni? In buɗe baki in ce wa Baba idonsa bai ga lamba ba?”

Na ce to ni zan faɗa. Ya riƙa roƙona Allah da Annabi. Ya ce in bari in ga yadda kwanon Baba zai dawo yau. Da yamma kuwa da na kai tuwo, kwanon ya dawo a suɗe tas, har da tambayar ko akwai sauran miya. Sai na bar zancen.

Washegari Baban Saliha ya biya ta shagon Jethro mai gyaran waya a kasuwa, suka tone matattun caja da tsofaffin alluna. Mai 104 guda ɗaya suka samu, ita ya ware wa ayisi. Ta bakin moto ya sa wata mai 224, ya ce ta ɗan fi girma amma a wannan wurin ba laifi, da babu gara ita. Babbar ma suka samu wata gajeruwa mai bolt ashirin da biyar. Duk ya liƙe su a ƙarƙashin allon inda ido ba ya kaiwa. Ta Baba kuwa ya kwantar da ita a sama, ya ɗaure da waya, shuɗiya ƙatuwa, ita ake fara gani in an buɗe. Ƙafarta ɗaya ya narka wa dalma sosai. Ɗayar ya zura ta a rami kawai ya ɗiga mata gam, ba ta taɓa komai.

Ya kunna. Moto ya juya a hankali, tire ya karkata ya tsaya inda ake so, ayisi bai ko yi tari ba. Ya ce in je in faɗa wa Baba. Na je na faɗa, idona a kan tabarma.

Daga ranar Baba ya zama wani mutum. Ya daina zancen komawa, ɗif. Da hantsi in mai gidan ya fita sai ya jawo tabarmarsa kusa da rumfa, ya zauna yana jiran ƙarar moto, in ta yi ya gyaɗa kai. Ya ware tarkacen gwangwaninsa kashi-kashi, ya ce in tambayi Malam ko akwai wani aikin da ke son kaya. Maƙwabta suka fara kawo masa rediyo da tocila, yana kankare musu tsatsar bakin batir yana yi musu faɗan rashin kula. Har ƙiba ya fara yi a wuya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne labarin da ya kai masallaci. Wai na'urar surukinsa ta gagari boko, sai da tsohuwar kwandansa ta zamanin da ta shiga. Dattawan unguwa suka riƙa tsokanar Baban Saliha, suna cewa ya koma makaranta wajen surukinsa, shi kuma yana murmushi yana cewa ai haka ne. Matan unguwa in sun shigo sai su ce ashe babana gwani ne haka. In ce musu eh, ina jin kunya tana cin fuskata. Ban san wa nake jin wa kunyar ba, tsohon da ke alfahari da abin da ba ya aiki, ko mijin da ya shirya abin. Sau da yawa na ce wa Baban Saliha wannan abu ba zai ƙare da daɗi ba. Sai ya ce bari dai ƙwan su ƙyanƙyashe, zai san yadda zai yi. Bai san komai ba, jira kawai yake Allah ya kawo masa mafita.

Wata ranar kasuwa Malam Haruna ya zo. Abokin Baba ne tun suna samari, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko masara daga ƙauyuka. Ya zauna a zaure ya sha fura, ya shiga ba Baba labarin gida: an ɗan samu sauƙi, wasu sun koma, har an yi shuka a gonakin kusa da gari, ga ɗaki a gidansa in yana so. Ina jin su daga tsakar gida. Sai na ji Baba ya yi dariya ya ce shi yanzu yana da aiki a nan, ba zai bar yaran nan da na'ura su kaɗai ba. Ya ce Haruna ya taso ya ga abin da idonsa.

Mai gidan yana makaranta. Na ja hijabi na gaida Malam Haruna, na koma bakin murhu ina satar kallonsu. Baba ya kashe makunnin allon ya bar fitilar ƙwan tana ci, ya buɗe akwatin, ya nuna shuɗiyar da yatsa. Sannan ya zaro sukudireba daga aljihu. Ya ce wa abokinsa duk mai gyaran kirki, kafin ya sa hannu a allo, sai ya fara zubar da wutar da kwandansa ta riƙe, ya matso ya ga yadda za ta yi tartsatsi. Ni ban san da wannan al'adar tasu ba. Mijina ma na tabbata bai kawo ta a ransa ba.

Ya gitta ƙarfen a kan ƙafafun biyu. Shiru. Ya kunna makunni, ya kashe, ya sake gittawa da sauri. Ko ƙyas. Ya tsaya jim. Sai ya ɗaga allon a hankali ya zura yatsunsa ƙarƙashi, yana shafawa kamar yadda yake yi wa tarkacensa. Na ga yatsun suna tafiya, suna tsayawa a kan ƙananan nan ɗaya bayan ɗaya. Suka zo inda ƙafar shuɗiyar ta leƙo, suka taɓa gam, suka tsaya. Ludayin da ke hannuna ban san sanda na sake shi cikin tukunya ba.

Malam Haruna ya ce ina tartsatsin. Baba ya yi 'yar dariya ya ce hasken rana ne ya yi yawa, ga idanun tsofaffi, sai dai wani jiƙon. Ya mayar da allon mazauninsa, ya rufe, ya kunna. Bai tafi ba sai da ya ji moto ya juya lafiya. Sannan ya raka abokinsa waje, suka daɗe suna magana a jikin mota.

Bayan azahar ya kira ni. Yana zaune a bakin gadonsa, hannuwansa a kan gwiwa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

“Rabi, me aka rubuta a jikin kwandansar nan?”

Na ce, “Goma, Baba.”

“Batirin sha biyu ne.”

Na ce eh.

Ya gyaɗa kai. Can ya ce da an haɗa ta da ta fashe, da ƙwan nan duk sun tafi a banza. Ya ce Malam ya yi daidai, aikin da ke ƙarƙashin allon mai tsabta ne, ƙaramar ma an sa ta daf da ƙafa inda ya kamata. Yana faɗa a natse, irin yadda yake yaba aikin wani mai gyaran. Ya tambaya ko ni ma na sani tun farko. Na kasa ɗaga kai. Da ya zage ni da na fi jin daɗi, amma Baba bai zage ni ba.

Ya ce, “Na tsaya a ƙofar masallaci ina ba mutane labari, shi yana gefe yana ji.”

Na ce kunya ce ta hana shi, ba raini ba ne, wallahi ba raini ba ne.

“Na sani. Da ya ce mini, Baba wannan ba za ta yi ba, da na sake zazzage gwangwani mun nema tare. Wanda ake aiki da shi ake faɗa wa haka. Yaro da majinyaci su ake lallaɓawa.”

Sannan ya ce gobe da safe Haruna zai biyo ta nan, zai bi shi. Na yi kuka, na kawo masa zancen hanya, na kawo zancen mutanen da aka kwashe a gona, na ce shagon ma babu shi. Ya ce duk ya sani. Ya ce in haɗa masa tufafinsa da ke kan igiya.

Da Baban Saliha ya dawo ko jakarsa ban bari ya ajiye ba. Na faɗa masa komai, na ce yau ɗaya dai ya buɗe bakin nan nasa. Na ce ya je ya ce ya yi kuskure, ya ce yana buƙatarsa, ya kwaso wani aikin ya ce su yi tare, ko gardama ce ya yi da shi a kan lamba, Baba gardamar yake so. Ya tsaya yana zufa, ya ce to. Ya nufi zaure, na bi shi na laɓe a bayan katanga.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya gaida Baba da wuni, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙarfin jiki. Baba ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi makaranta da ɗalibai. Daga nan shiru ya sauka. Ina jin kukan akuyar maƙwabta, ina jin moto ya yi juyinsa a rumfa ya gama, ba wanda ya ce uffan. Can Baba ya ce Allah ya yi albarka. Mijina ya ce amin, ya tashi, ya ɗauki takalminsa ya fito. Muka haɗa ido a bayan katangar, ya kawar da kai. Ranar ban iya kai wa kowannensu tuwo da hannuna ba, maƙwabciya na roƙa ta miƙa.

Da safe motar Malam Haruna ta tsaya a ƙofar gida. Baban Saliha ya riga kowa ɗaukar buhun tufafin, ya ɗora a baya, ya gyara masa wuri ya sake gyarawa. Baba ya fito ya shiga gaba ya zauna. Ina tsaye a bakin zaure, mijina yana durƙushe a gefen taya, tsakaninsa da Baba bai kai taku biyu ba. Baba ya leƙo ta taga, ya dube ni.

“Ki ce wa Malam na gode da riƙo.”

Na ga mijina ya ɗago kai, na ga leɓɓansa suna motsi. Na ce a raina yanzu zai faɗa, yanzu zai riƙe ƙofar motar nan. Malam Haruna ma bai tayar da injin ba, kamar shi ma jira yake.

Mijina ya ce, “Allah ya kiyaye hanya, Baba.”

Baba ya ce amin. Motar ta tashi, ta bi layinmu a hankali tana kauce wa kwatami, ta karya kwana ta kama hanyar da ke shiga daji. Mijina yana nan durƙushe har bayan ƙarar ta ɓace, masu wucewa suna kallonsa. Na juya na shige gida. Saƙon dai ban isar ba, tunda a kunnensa aka faɗa.